Mace a aikin lantarki, namiji a aikin jinya

A wani zaman hira da muka yi a Birnin Kebbi, an daɗe kan batun macen da ke son aikin lantarki ko kanikanci, da namijin da ke son aikin jinya.

Shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da gida. Idan Baba ko maigida bai amince ba, kada a tsaya gardama, a nemi kawu ko malamin da yake jin maganarsa. Wata Hajiya ta ce a nuna musu amfanin a zahiri: mace mai gyaran wuta ko haɗa sola kai tsaye take shiga gidan kulle, namiji kuwa sai ya jira maigida ya dawo. Ni dai wannan hujjar ta fi gamsar da ni, domin kasuwa ce da ba mai tare mata.

An kuma ce takardar shaida na rufe bakin masu surutu. Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ta Ƙauran Namoda duk suna koyar da lantarki, difloma shekara 2. Wadda ba ta samu wannan ba, ta koya wurin ogan da aka san halinsa. Zai fi kyau su je su biyu, a kuma tsayar da lokacin tashi a gaban iyaye.

Maza masu jinya kuwa ba a ja zancensu ba: su yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasa, su nemi izini kafin taɓa mace mara lafiya, idan ta ƙi a kira mata abokiyar aiki.