Ganganci ne ko sakaci? Muhawara kan leburorin da ke faɗowa daga bene

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. A nan Kaduna, daga Millennium City har Mando benaye sai tashi suke, amma ku dubi abin da ake ɗora 'ya'yan mutane a kai: gorar da ƙwari suka ci, katako ɗaya tal an ɗaure da wayar rodi, babu abin dafawa. A haka lebura zai ɗauko kwanon kankare a ka ya hau. In ya faɗo ya karya baya, sai a ba shi kuɗin mota a sallame shi. Wannan ganganci ne na masu gini, kuma su ya kamata su ɗauki jinyarsa har ƙarshe.

Alhaji Mai Kwangila: Wa alaikumus salam. Ɗana, janye kalmar ganganci. Ganganci shi ne mutum ya yi niyya. Wane mai gini ne ke son a tsayar masa da aiki saboda jini ya zuba? Ka ce sakaci, sai mu tattauna.

Kafintan Kawo: Alhaji, wanda aka faɗa wa goran tokare ɗari biyu dekin ke buƙata, ya sayo ɗari da ashirin ya ce a buɗa tsakaninsu, me sunan abin da ya yi? Tazarar da ta kamata kusan taku biyu ce, a yi wa kowace gora shimfiɗar katako a ƙasa don kada ta nutse in ƙasa ta jiƙe, sannan a ɗaure su da juna ta tsakiya. In aka buɗa, ranar zubi nauyin ɗanyen kankare da na mutanen da ke kai zai lanƙwasa guda ɗaya, sauran su bi. Ya sani, ya yi.

Malam na Tudun Wada: A yi hattara da harshe. A fiƙihu kisan ganganci daban, na kuskure daban, hukuncinsu ma ba ɗaya ba. Amma kada Alhaji ya ɗauka ya tsira, domin kuskure ma akwai diyya a cikinsa.

Alhaji Mai Kwangila: Allah ya gafarta Malam, ai abin da nake faɗa ke nan, kuskure ne.

Injiniya: Ba haka Malam ya ce ba. Kuma ni a wurina ba gora ce matsalar farko ba, gaggawar cire katako ce. Kankare sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Katakon gefen fila ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaren dekin a bar shi kwana 21, ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda. Haɗin kuma 1:2:4: buhu ɗaya na siminti mai kilo 50, kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Sai a ƙara yashi, a cika ruwa don ya yi saurin zubi, a zo kwana goma a cire tokare saboda ana son katakon a wani gini. Wanda ke ƙarƙashi yana bugun gorar shi abin zai danne.

Kafintan Kawo: Kwana 14 ya isa in ɗakin bai wuce ƙafa goma sha biyu ba. Ku injiniyoyi komai sai kun ƙara.

Injiniya: In haɗin ya cika, an kuma ba shi ruwa. Wa ya auna maka?

Kafintan Kawo: To ku ina kuke ranar zubi? Sa hannu a takardar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kawai, sai a sake ganinku ranar biya.

Ogan Birkila: Ku bar wannan. Ana ta maganar bene, alhali ramin sokawe ya fi ban tsoro. Rami in ya wuce ƙafa huɗu dole a tokare bangonsa da katako, ƙasar da aka fitar kuma a zuba ta nesa da baki kamar mita guda. Da damina jar ƙasar nan takan tsage ba sanarwa, kuma mita ɗaya ta kowace fuska ta fi tan ɗaya nauyi. Ko a ƙirji ta tsaya numfashi ya ƙare. Sannan kada a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin rami ko rijiya, hayaƙinsa na kashe na ciki da wanda ya bi shi ceto. Ga rodi: tsawonsa mita 12, yaro ya ɗaga shi a saman dekin kusa da babbar wayar lantarki, ba sai ya taɓa ba wuta ke tsallakowa.

Anti Nas: Duk sunan da kuka ba abin, ku gyara yadda ake ɗaukar wanda ya faɗo. Kada a zaunar da shi, kada a ɗaga shi hannu da ƙafa a cusa a Keke Napep, kada a ba shi ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, uku su juya shi gaba ɗaya kan ƙofa ko faffaɗan katako, a ɗaure, a nufi asibitin Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44. Ƙashin baya na iya karyewa laka tana lafiya, mummunar ɗauka ce ke tsinka ta. In abin yankan ƙarfe ya cire yatsa, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, yatsan a naɗe shi a sa a leda a ƙulle, ledar a ɗora kan ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye.

Ogan Birkila: Anti, karayar hannu dai masu ɗori sun fi sauri da sauƙi.

Anti Nas: Baba, in ƙashi ya huda fata ko yatsu sun yi sanyi sun canza launi, ɗaurin nan mai tsauri shi ke kai ga yanke hannu. A yi hoto tukuna.

Ɗan Rigasa: Jama'a, ni kan kuɗin jinya na yi magana. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, mai aiki zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa. Wa ke yi wa lebura wannan?

Alhaji Mai Kwangila: Mai aikin yini da yau yana nan gobe yana Kakuri, a wace takarda zan sa shi? A matsayina na mai kula da zauren nan bari in taƙaita. An amince ba ganganci ba ne. Yawancin haɗarin daga ma'aikata yake: kafinta ya cire tokare da wuri, lebura a ba shi hular kwano ya ajiye saboda zafi, a hau tsani da silifa. Masu gini kuma su ci gaba da taimakawa gwargwadon hali. An rufe.

Kafintan Kawo: Ba a amince ba, Alhaji. Kafinta ba ya taɓa tokare sai mai aiki ya ce yana son katakonsa.

Injiniya: Kuma kwana 21 ne, ba 14 ba.