Shawarwari kan haɗa fafutukar naƙasassu da ta dabbobi

Masu neman haɗa fafutukar biyu sun yarda cewa tushen matsalar ɗaya ne: jari-hujja na auna jiki da ribar da yake kawowa. Kajin gona kan isa yanka cikin mako shida, ƙirji ya rinjayi ƙafafu har wasu su kasa tsayuwa. Ma'aikacin mayanka kuwa, maimaita yanka ɗaya duk yini kan lalata masa jijiyoyin hannu.

Abin da aka fi nanatawa: kada a kare dabba ta hanyar kwatanta hankalinta da na mai naƙasar ƙwaƙwalwa. Cin fuska ne, yana kuma korar abokan tafiya. Kada a matsa wa mara lafiya ya bar nama ba da sanin likitansa ba. A wurin taro, a tanadi mai fassarar yaren kurame da gangaren keken guragu: kowane santimita 1 na tudu, santimita 12 na tsawo.