Yadda ake haɗa rundunar Furushiya ta wasan teburi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina son haɗa rundunar Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ta Yaƙin Shekara Bakwai, 1756 zuwa 1763, da ƙananan mutum-mutumin sojoji masu tsawon milimita 15, don wasan yaƙi a kan teburi. Nawa zan sa a bataliya, kuma dawakai nawa suka dace?

Na Gwale: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ɗauki soja ɗaya a matsayin mutum 30, bataliya ta zama 24. Ka liƙa huɗu-huɗu a faifai shida, wato 'yan allunan da suke tsayawa a kai, sahu biyu. Rejimanti bataliya biyu ce, kowace da ƙananan igwa biyu. Masu doguwar hula, giranadiya, kada ka bar su cikin rejimantinsu: cire su ake yi daga rejimanti biyu, kamfani huɗu su tashi bataliya guda. Ka fara da bataliya shida da rejimantin dawakai biyu. In dawakai suka yi yawa teburin zai cushe, ba wurin zagaye gefe, alhali da bugun gefe Farderik, sarkin Furushiya, ya ci Ostiriya a yaƙin Leuthen a 1757.

Malamin Kurna: Gaskiya ne, Yaya. Sai dai faifan, kada a yi shi da kwali, gam na lanƙwasa shi. A sa kafinta ya yanko falanki siriri. A wanke sojojin da sabulu kafin fenti, in ba haka ba ɓarewa zai yi. Lokacin hunturu a rufe su da roba har su bushe saboda ƙura. Rigar Furushiya shuɗi ce mai duhu, ta Ostiriya fara.

Ɗan Fagge: Na gode, Allah ya ƙara sani.