Tutoriyal ɗin 'yan aji ɗaya: a shiga ko a bari?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Autarmu ta samu Kemistiri a jami'a, an fara lakca. Wai akwai tutoriyal, wato ƙarin darasi bayan lakca, na ƙungiyar sashensu, akwai na MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ga kuma wani na kuɗi a wajen makaranta. Don Allah wanne za ta shiga? Ko ta riƙe lakca kawai?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Na MSSN, kyauta ne.

Injiniya: Kyauta ne, amma ta sammaka. In ta makara a bakin taga za ta tsaya.

Abu Sumayya: Hajiya, ki raba ta da na kuɗin nan. Ni ya faru da ni. Wani ɗan aji huɗu ne ya kama shago kusa da ƙofar makarantarmu, ya jera benci, ya ce shi ya san inda malamin Fiziks yake ɗauko tambayoyinsa. Muka biya kuɗin semista gaba ɗaya. Abin da yake yi kawai, ya buɗe tsofaffin takardun jarrabawa ya rubuta amsa a allo, mu kwafa. In ka ce malam yaya aka yi wannan layin ya haifi wancan, sai ya ce lokaci ya ƙure, ku dai haddace. Ranar jarrabawa tambayar ta fito kuwa, dutsen nan da ake jefawa sama, amma an canja kusurwa, kuma tsawon lokaci ake nema ba nisa ba. Ina kallon yaron da ke gefena ya zuba amsar bara yadda take har da lambobinta. Da yawanmu muka kwaso kariyoba, wato muka faɗi sai mun maimaita, kos mai yunit 3 kuwa, ya ja mana CGPA, matsakaicin makinmu gaba ɗaya, ƙasa tun daga tushe. Da muka koma neman mutumin, ya tafi bautar ƙasa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Fagge: Allah ya isar maka.

Uwar Biyu: Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Yarona na kuɗi ya yi, kuma ya ci.

Abu Sumayya: Yaronki dama da ƙwaƙwalwarsa ya je, Anti.

Malama: Bari in sa baki tunda ina koyar da 'yan aji ɗaya. Ɗakin lakca ɗaya, ɗalibai ɗaruruwa, na baya ko allon ba sa gani, balle a ce yaro ya ɗaga hannu. To tutoriyal nan ne amfaninsa, wurin tambaya. Amma ta je da aikinta a hannu: ta gwada lissafin mol na Kemistiri da kanta, ta ga inda ta maƙale, sannan ta kai. Mai zuwa da littafi fari fat kallo kawai ya je yi. Kuma ta fara tun makon farko. Yawancinsu sai tes ya rage kwana biyu suke cika wurin. Makin tes da na faratikal shi ke ɗaga mutum zuwa 70, wato A, ba jarrabawa kaɗai ba. Sannan ta san ofishin kodinetan ajinsu, ta kai masa fom ɗin rajistar kwasa-kwasai ya duba. Wannan taimakon yara ba sa nema sai ta ɓaci.

Injiniya: Waɗanda suka biyo ta karatun share fagen shiga jami'a, irin SBRS Funtua ta ABU ko IJMB, ba su cika shan wannan wahalar ba, sun riga sun ga wani ɓangare na manhajar.

Ɗan Fagge: Ka fara tallan ABU ke nan.

Injiniya: Ai gaba take da gabanta. Ku 'yan BUK ku je ku ji da hawa mota tsakanin tsohuwar makaranta da sabuwa.

Ɗan Fagge: Mu dai BUK ba ma sanyin Samaru.

Uwar Biyu: Ku kam kullum sai kun yi.

Bakatsine: Ni abin da ya cece ni bayan yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas a gida, komai ya gudu daga kai, mu huɗu ne muka haɗa kanmu. Kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran bayan la'asar. Ya fi min kowane tutoriyal.

Malama: In an samu abokan kirki. Wani rukunin hira ce zalla.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai. Amma ta ce na sashen nasu bayan isha'i ake yi, ita kuma ba ta samu hostel ba, a gari take.

Abu Sumayya: A'a, na dare kam ban goyi baya ba.

Malama: Ta tambayi 'yan uwa mata na masallaci, wasu wuraren suna ware na mata da rana a ƙarshen mako.

Bakatsine: Wai har yanzu ana wahalar gadon hostel ɗin nan? Ƙanina ma bai samu ba. Akwai wanda ya san ɗaki mai sauƙi kusa da makaranta?

Injiniya: Wace makarantar?