Fitila mai sauƙin kuɗi don tankin tsirrai: fulod ko ta shagon kifi? Ga kuma gansakuka ta fara

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin Asabar, don ranar zan shiga kasuwa. Tankina tsawonsa santimita 60, faɗi 30, zurfi 36, kusan lita 65 ke nan. A ciki akwai tsirrai, anubiyas biyu da na ɗaure a jikin itace da balisneriya a baya, sai kifaye, gupi da moli 'yan kaɗan. Bai cika wata biyu da haɗawa ba. Yana falo ta ɓangaren da babu taga, rana ba ta taɓa shi ko kaɗan. Fitilar da ta zo da murfinsa ta mutu, kwan ɗaki kawai yake gani yanzu, balisneriyar har ta fara rawaya.

Naira dubu 15 gare ni, babu ƙari. Ko dai in sayi fulod, wato fitilar haska fili, ta LED mai wat 20 da aka rubuta wa 6500K, irin ta masu kayan wuta, ko siririyar nan ta shagon kifi mai ƙwayoyi farare da shuɗaye da ake maƙalawa a bakin gilashi. Sannan wata gansakuka mai launin ruwan ƙasa ta fara bin gilashi da ganyen anubiyas. In na ƙara haske ba za ta ƙaru ba? Wanda ya gwada da hannunsa nake so in ji.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam ka janye shi daga bakin taga, rana ce ke kawo gansakuka. Shi ke nan maganarka ta ƙare.

Abban Sadiya:
Ɗan'uwa ai na ce babu taga.

Yarima Kd:
Ka sayi fitilar Chihiros ka huta. Da waya kake saita ta, ta haska a hankali da safe ta dushe da yamma. Jajayen tsirraina na rotala sai ka rantse fenti aka yi musu.

Maman Nana:
Yarima, dubu 15 fa ya ce. Ko kai za ka cika masa?

Injiniya Zariya:
Abban Sadiya, 6500K ɗin nan launin haske ne kawai, fari irin na tsakar rana, ba ƙarfinsa ba. Ƙarfin ka duba lumen a jikin kwali. Ma'aunin da masu wannan harka suka saba da shi: tsirrai marasa wahala irin naka lumen 10 zuwa 20 a kowace lita, masu matsakaicin buƙata 20 zuwa 40, abin da ya haura 40 kuwa sai da iskar CO2 da taki, in ba haka ba gansakuka kake nomawa. Lita 65 ɗinka ba ta buƙatar fiye da lumen 1,300. Fulod mai wat 20 ta gaskiya tana ba da 1,600 zuwa 2,000, ta ɗan yi maka yawa ma. Ko ka ɗauki mai wat 10, ko ka ɗauki 20 ɗin ka rataye ta kamar taƙi ɗaya da rabi sama da ruwa. Ni ta biyun nake yi, don yawancin na kasuwa wat ɗin da aka rubuta ya fi abin da ke ciki. Ka tabbata akwai IP65 a jiki saboda feshin ruwa. Siririyar mai shuɗi kifi take ƙawatawa, haskenta ba ya isa ƙasa da ƙarfi.

Mai ruwan ƙasan kuma kada ta tayar maka da hankali. Kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta. Sa yatsa ka shafa, in ta fita kamar ƙura to ita ce, da tanki ya zauna takan tafi da kanta.

Baban Walid:
Hmm. Ni dai in na ji ana maganar fitila sai raina ya ɓaci. Bari in ba ku nawa.

Tankina ƙafa huɗu ne, na yi shekaru da shi lafiya lau da kwan fulorasan guda ɗaya. Sai wani mai shagon kifi ya nuna mini hoton tanki a wayarsa, ƙasan duk shimfiɗe da koren tsiro, ya ce fitila ce kawai sirrin. Ya sayar mini da wata doguwa mai layi huɗu, ya haɗa mini da tsiron, monte kalo, kofi uku. Na tambaye shi awa nawa zan kunna, ya ce tsiro ai rana yake so, in bar ta daga asuba har in kwanta. Bai ce mini uffan a kan CO2 ba.

Da farko gilashi ya fara ɗigo-ɗigon kore mai tauri, sai da reza yake fita. Daga nan zare-zare suka kama monte kalon, in ka ja zaren sai tsiron ya taso da saiwarsa. Kafin in ankara ruwan gaba ɗaya ya koma miyar kuka, kifi sai ya manne da gilashi kake ganinsa. Na canza rabin ruwa, ya dawo. Na canza kusan duka, ya dawo ya fi da. Uwargida ta ce baƙi na tambayarta ko tsimi muke yi a falo.

Na koma wurinsa, ya ba ni kifin nan mai lasar gilashi, fileko, guda biyu. Ruwa ne ya yi kore, me mai lasar gilashi zai lasa? Kashi kawai suka ƙara mini. Na sake komawa, ya ɗauko wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa, babu ko takarda a jiki, ya ce murfi biyu. Na zuba bayan isha'i. Da na fito sallar asuba duk kifin suna sama suna haki, dodon koɗin da ke ciki sun zube a ƙasa. Kafin hantsi kifin enjel ɗina guda shida da na raina tun suna kamar farce sun tafi. Walid ya yi kuka har ya ƙi zuwa makaranta. Da na je masa da maganar, budar bakinsa sai ya ce ruwan unguwarmu ne ba shi da kyau. Har yau ban sake taka ƙofar shagon ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Maman Nana:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baban Walid.

Injiniya Zariya:
Allah ya musanya. Shuɗin ruwan nan da alama mai sinadarin tagulla ne, shi ne yake kashe dodon koɗi da jatan lande nan take. Kuma in gansakuka mai yawa ta mutu lokaci guda, ruɓewarta na cinye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa ka gan su a sama suna haki. Koren ruwa ba ya jin canjin ruwa. Bargo ake rufa wa tankin kwana uku cur, ba leƙe, ba abinci, famfon iska na aiki.

Baban Walid:
Yanzu kowa ya zama likita. Lokacin ina kuke?

Ɗan Fagge:
To filekon fa, suna nan?

Baban Walid:
Su kaɗai suka rayu. Ɗaya ya kusa kai tsawon hannuna daga gwiwa, ya tumɓuke komai. In akwai mai so ya zo da bokiti.

Sarkin Zolaya:
Kawo shi nan Baba, akwai attaruhu da citta a gida.

Alhaji Mai Tarwada:
Ni abin naku dariya yake ba ni. Shekara da shekaru ina kiwon kifi, dubbai nake fitarwa, ban taɓa sayen fitila don kifi ba. Koren ruwa kuma da kuke kuka da shi, masu kiwon karfasa taki suke zubawa a kududdufi don ruwan ya yi kore, abinci ne. Yaro ka riƙe kuɗinka, ka canza ruwa kullum.

Yarima Kd:
Alhaji da girmanka, kiwon tarwada daban, tankin falo daban. Kai kilo kake nema, mu kallo muke yi. Canjin ruwa kullum a lita 65 wahalar da kifi ne kawai.

Alhaji Mai Tarwada:
Kai da ka koya a YouTube bara za ka gaya mini ruwa?

Yarima Kd:
Shi Injiniyan da kuke ta sa wa hannu, ya taɓa ɗora hoton tankinsa a nan? Lissafi kawai muke gani.

Injiniya Zariya:
Na ɗora lokacin azumi, kai ne ma ka ce balisneriyata ta yi yawa in aiko maka.

Maman Nana:
Ku bar musun nan haka. Abban Sadiya, ni fulod nake amfani da ita a tanki kusan irin naka, ga abin da na gani. Da na fara ina kunna ta tun safe har dare don yara na son kallo, sai ganyen anubiyas ya yi baƙin gashi a gefe-gefe. Anubiyas ba ta son haske mai ƙarfi, a inuwar daji take fitowa a bakin rafi, nan kudancin Najeriya da Kamaru, kuma girmanta a hankali ne, ganye ɗaya sai ya daɗe yana tara datti. Na mayar da ita ƙarƙashin itace, na yanke ganyen da suka lalace, na rage fitila zuwa awa 6, daga baya na kai 7. Ina kunnawa bayan la'asar don lokacin ne kowa ke gida.

Abin da ya fi yi mini aiki kuwa kainuwa ce. Ƙanena ya ɗebo mini a wani tafki, na ajiye ta a roba daban na ɗan lokaci ina wankewa saboda ƙwari da ƙwan dodon koɗi, sannan na sa uku a sama. Tana tare haske, saiwarta na shanye dattin da gansakuka ke ci, 'ya'yan gupi kuma suna ɓuya a ciki. Sai dai tana yaɗuwa, duk mako nake kwashe rabi, in ta rufe sama duka balisneriya za ta sha wahala. Ba ta son murfi a rufe ruf, raɓar da ke ɗiga tana ruɓar da ita. Sannan ka rage abinci. Yawancinmu ba fitila ce matsalarmu ba, hannun yara ne a gwangwanin abinci.

Tawa dubu 4 da ɗari biyar na saya.

Ɗan Fagge:
Hajiya wace shekara? Mai wat 20 jiya na tambaya, dubu 9 aka ce mini.

Yarima Kd:
Dubu 6 take a nan Kaduna. An ga fuskarka ne.

Baban Walid:
Ta dubu 6 ɗin nan wata uku za ta fara ƙyafta ido. Mai kyau ba ta kasa dubu 12.

Maman Nana:
Kafin a cire tallafin mai na saya, gaskiya. Amma har yanzu tana ci.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan jikka huɗu munka saye ta, kuma daga wajenku anka kawo ta. Ku lissafa da kanku, ni canjin naira ya ishe ni.

Abban Sadiya:
Na gode ƙwarai. To in na ɗauki fulod ɗin, canjin ya isa taima, mai kunna fitila da kashe ta da kanta? Ba na gida da la'asar.

Injiniya Zariya:
Zai isa in ka yi ciniki. Amma kada ka sayi mai juyawa ɗin nan mai haƙora. Da wuta take tafiya, duk lokacin da aka ɗauke sai agogonta ya tsaya, in an kawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kwana kaɗan sai ka ga fitila ta kama ƙarfe biyun dare. Mai lambobi ka nema, tana da ɗan batir a ciki da ke riƙe lokaci. Kuma wayar ka bar ta ta ɗan sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don in ruwa ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Kafin ka sa hannu a ruwa ka zare komai.

Sarkin Zolaya:
Taima kuma? Mu masu wuta ne taimarmu. Awa 6 da Hajiya ke faɗa, mu in mun samu 3 sai mun yi walima. Gansakuka ma ta yi fushi ta bar unguwarmu.

Ɗan Fagge:
Wallahi ka faɗi gaskiya. Duhun nan na Oktoban 2024 da Arewa ta yi sama da mako babu wuta, ba fitila ce ta dame ni ba, filta ce, matatar ruwan tanki. Da ta tsaya ruwan cikinta ya yi wari, ranar da aka kawo wuta ta tura shi cikin tanki. Tsirrai sun jure duhun, kifi ne suka ji jiki. Tun daga nan na sayi famfon iska mai caji.

Ɗan Maraɗi:
Ku mako kuke faɗi. Mu da anka yanke muna wutar Najeriya a watan Agustan 2023, watanni munka yi ana rabon ta. Ni yanzu zaren LED mai bolt 12 nika amfani da shi kai tsaye daga batirin sola, babu ruwana da kowa.

Alhaji Mai Tarwada:
Ga irinta nan. A ƙara wa kai kuɗin wuta saboda ciyawa.

Injiniya Zariya:
Alhaji wat 20 awa 7 a rana, a wata yunit 4.2 ne. Ko a farashin Band A da aka kai naira 225 a Afrilun 2024, bai cika dubu ɗaya ba.

Baban Walid:
Wannan lissafin mai mita ne. Mu da ake kawo wa bil na kintace fa? Watan da taransifomarmu ta ƙone, mu muka yi karo-karo gida-gida aka gyara, amma bil ya zo cif kamar ba a taɓa ɗaukewa ba. Na je ofis da takardu, aka ce in biya tukuna sannan a duba ƙorafi. Mitar da na nema tun Walid yana rarrafe har yau ana kan hanya.

Abban Sadiya:
Allah ya kyauta. Amma don Allah, wat 10 ko wat 20?

Yarima Kd:
20.

Maman Nana:
10 ta ishe ka.

Ɗan Fagge:
Baban Walid, nawa suka rubuto maka wancan watan? Mu layinmu gida ɗaya mai ɗaki biyu aka kawo wa dubu 38, ko firji babu a ciki.