Malamar kwas ɗin rubutu ta ce muƙalata ba ta da matsaya: in ajiye kwas ɗin ko in daure?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka riga mu nisa a karatu ku taimaka min da shawara. Ina shekarar farko a wata jami'a a Amurka, kuma akwai kwas ɗin koyon rubutu da aka wajabta wa kowane sabon ɗalibi, ko likitanci yake karanta ko injiniyanci. Na shiga da tunanin nan ne zan huta, tunda Turanci bai taɓa ba ni wahala ba. Ashe ba haka ba ne.

Takardar tsarin kwas da aka raba mana ranar farko cike take da dokoki. Fashi uku kawai aka yafe, daga na huɗu za a fara zaftare maki. Muƙala huɗu za mu rubuta, kowace sai an miƙa daftarin farko, abokan aji su duba, sannan a gyara a sake miƙawa. Aikin da ya makara ana cire masa kashi 10 a kowace rana. Ba a karɓar abin da mutum ya taɓa miƙawa a wani kwas, ko da shi ya rubuta da hannunsa. An hana ƙirƙirarriyar basira. Babu jarrabawar ƙarshe, kuma wanda bai samu C ba sai ya maimaita.

Yanzu an dawo min da daftarina na farko. Malamar ba ta taɓa nahawuna ba ko sau ɗaya, sai dai ta rubuta a ƙasa cewa ta ga abin da marubuta uku suka ce, amma ba ta ga abin da ni na ce ba. Sannan Turnitin, manhajar da ke gwada rubutun ɗalibi da na wasu, ya nuna kashi 28 na kamanceceniya. Shin wannan kashi 28 yana nufin za a ce na yi satar fasaha? Ni da na zo jiya-jiya, wane ra'ayi gare ni a gaban farfesoshin da nake karantawa? Kuma ko in ajiye kwas ɗin in ɗauka wajen wani malami a zango mai zuwa?

Wata 'yar aji huɗu:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mai haɗari. Idan da bizar ɗalibai ta F-1 kike karatu, doka ta ce ɗalibin digirin farko kada ya yi ƙasa da kiredit 12 (ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ya ɗauka) a zango. Kwas ɗin nan yawanci kiredit 3 ne ko 4. Ki lissafa abin da zai rage miki kafin ki taɓa komai, kuma kada ki cire shi sai kin zauna da ofishin ɗaliban ƙasashen waje. Idan wa'adin sauya kwas na makon farko ko na biyu ya wuce, harafin W, alamar kin janye daga kwas, za a rubuta miki a takardar sakamako. A yawancin makarantu W ba ya shiga lissafin matsakaicin maki, amma yana nan a rubuce, kuma kuɗin kwas ɗin galibi ba ya dawowa duka.

Batun canza malami kuwa, kada ki sa rai sosai. Dokokin fashi da na satar fasaha yawanci sashe ne ke tsara su, malamai su bi. Za ki tarar da su a wancan ajin ma.

Mai koyar da irin wannan kwas:

'Yar uwa, ni ina koyar da wannan kwas ɗin a wata makarantar yayin da nake digiri na uku, don haka bari in faɗa miki yadda muke karanta takardunku.

Da farko, malamarki ba ta kushe ki ba. Malamin da ya ga jimlolin ɗalibi ba sa tafiya, a kan jimlolin zai tsaya. Ita ta wuce wannan matakin a takardarki, ta tafi ga abin da aka kafa kwas ɗin dominsa, wato mutum ya ɗauki matsaya a kan wata magana da masu hankali za su iya saɓani a kanta, ya kare ta da hujja, ya kuma fuskanci hujjar wanda bai yarda da shi ba. Da yawanmu a sakandare an horar da mu mu nuna mun karanta kuma mun haddace. Nan kuma tambayar ita ce me kika yi da abin da kika karanta. Kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Ga misali. A ce an ba ku batun amfani da waya a ɗakin lacca. Idan kika rubuta cewa waya tana da amfani kuma tana da illa, babu wanda zai musa miki, don haka ba ki ce komai ba. Idan kuma kika rubuta cewa hana waya kwata-kwata ya fi cutar da ɗaliban da ke dogara da ita wajen fassara da ɗaukar bayani fiye da yadda yake taimakon masu shagala, to yanzu akwai wanda zai miƙe ya ce bai yarda ba. Wannan ita ce matsaya. Gwajin da nake ba ɗalibaina ke nan: shin mai hankali zai iya ja da wannan jimlar? Idan ba zai iya ba, a koma a sake.

Maganarki ta cewa wace ce ke a gaban farfesoshi, ba a ce ki fi su ilimi ba. Ki duba marubutan nan uku da kyau. A ina biyu suka saɓa? Wanne ya kawo hujja, wanne ya tsaya ga ikirari? Wane rukunin mutane ne dukansu suka manta da shi? Duk amsar da kika bayar, taki ce, kuma daga nan muƙala ke fitowa. Ki juya tsarin kowane sakin layi: jimlar farko ta zama maganarki, sannan ki kira marubucin ya zo ya ba da shaida, sannan ki bayyana yadda shaidar ta tallafi maganar. A daftarin da kika kwatanta, ina kyautata zaton kowane sakin layi da sunan wani marubuci ya fara.

Dokar fashi kuma ba mugunta ba ce. Ajin nan ba lacca ba ce da za ki ari littafin ƙawa ki kwafe. Ranar duba daftari, idan ba ki zo ba, mutum biyu ko uku sun rasa mai karanta musu aiki, ke ma kin rasa. Shi ya sa a aji da yawa fashin wannan ranar ya fi na sauran ranaku tsada. Kuma don ki san ba ke aka fara wa ba: Jami'ar Harvard ta sa rubutun muƙala cikin jarrabawar shiga a 1874, sakamakon bai yi wa malamai daɗi ba, zuwa 1885 kwas ɗin rubutu ya zama dole ga 'yan shekarar farko. Daga can ya bazu a ƙasar. Wato yaran da aka haifa cikin Turancin ma sai da aka zaunar da su.

Wani ɗan aji biyu:

Ni dai gaskiya kuna tsawaita magana. Ki ba ChatGPT ya tsara miki, ki sauya kalmomi da naki, ki miƙa. Rabin aji haka suke yi.

Wata 'yar aji huɗu:

Haba ɗan uwa! Yarinya ta ce an rubuta hani ƙuru-ƙuru a takardar tsarin kwas, kai kuma ka tura ta? Idan aka kama ta kai za ka je gaban kwamitin ladabtarwa? Kuma malamin da ya ga rubutunki na cikin aji, ya ga daftarin farko, ya ga na biyu, ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane muryar ta sauya.

Ma'aikacin laburaren jami'a:

Zan tsaya kan kashi 28 ɗin nan, domin kusan kullum sai ɗalibi ya zo tebur ɗina a firgice saboda wannan lamba.

Turnitin ba ya yanke hukuncin sata. Yana gwama rubutunki da abin da ke rumbunsa, ya haskaka inda kalmomi suka yi daidai. Maganar da kika ɗauko kika sa cikin alamar zancen wani kika kuma faɗi mai ita, zai iya haskaka ta. Jerin manazarta na ƙarshen takarda ma haka, har da taken aikin da duk 'yan aji suka kwafa. Takarda mai kashi 30 tana iya zama tsaf, mai kashi 6 kuma ta zama matsala idan wannan kashi 6 ɗin sakin layi guda ne da aka ɗauke ba a ambaci mai shi ba. Ki buɗe rahoton ki bi wuraren da aka haskaka ɗaya bayan ɗaya.

Inda sababbin ɗalibai suka fi faɗawa shi ne nan: su ɗauki jimlar marubuci, su canza kalma uku ko huɗu, su bar ƙashin jimlar yadda yake. Ko an sa sunansa a ƙarshe, makarantu da yawa suna lissafa wannan cikin satar fasaha. Maganinsa, ki karanta, ki rufe littafin, ki rubuta abin da kika fahimta kamar kina yi wa wani bayani da baki, sannan ki buɗe ki gwada. Kuma duk da kin faɗa da kalmominki, sai kin ambaci mai tunanin. Idan kalmominsa ne kike so tak, ki sa alamar zancen wani da lambar shafi. Tunda wannan daftarin farko ne, yanzu ne lokacin gyara.

Ki duba wane salon madogara aka ce ku bi. Azuzuwan rubutu sun fi amfani da MLA, wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021: sunan marubuci da lambar shafi a cikin rubutu. APA, bugu na 7 na 2019, sunan marubuci da shekara yake so. Kada ki gauraya su. Shafin Purdue OWL yana da misalan duka biyun kyauta, Zotero kuma, wata manhaja, zai tara miki manazarta, amma ki riƙa duba abin da ya fitar, yana kuskure idan bayanan da aka ba shi ba su cika ba.

Abu na ƙarshe, kan ƙirƙirarriyar basira. Ko ba ki taɓa ta ba, ki kare kanki. Na'urorin da ke iƙirarin gano rubutunta suna kuskure. OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, da kansa ya janye nasa a Yulin 2023 saboda rashin inganci, Jami'ar Vanderbilt ta kashe na Turnitin a Agustan 2023, kuma wani bincike na masana a Stanford a 2023 ya nuna irin waɗannan na'urori sun ɗauki fiye da rabin muƙalun jarrabawar Turanci ta TOEFL da aka gwada a matsayin rubutun na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Mu da Turanci ba harshen uwa ba ne gare mu, abin ya fi shafar mu. Ki riƙa rubutu a Google Docs ko wani wuri mai ajiye tarihin gyare-gyare, kada ki zubar da daftari ko takardun da kika yi zane-zanen tunani a kai. Ki kuma tambayi malamar ko hanin ya haɗa da Grammarly mai gyaran nahawu da manhajojin fassara, domin malamai sun bambanta a nan.

Wata uwa mai karatu da aiki:

Ni dokar kashi 10 a rana ce ban yarda da ita ba, Malam ka yi haƙuri. Mai aiki da yara, kwana biyu na zazzaɓin yaro ya mayar da A ɗinsa C. Amma abin da na lura, ƙanwata, yawancin malamai suna ɗaga ƙafa idan aka roƙa kafin wa'adi. Imel gajere, ki faɗi uzurinki, ki faɗi ranar da za ki miƙa, ki haɗa da abin da kika riga kika rubuta. Bayan wa'adi ya wuce kuwa, da wuya. Kuma ki adana fashin nan uku, kada ki ƙarar da su kan barcin safe a watan farko.

Mai koyar da irin wannan kwas:

Hajiya, ban musa miki ba, nima a ajina kashi 5 nake cirewa. Sai dai mai ɗalibai sittin da zai karanta daftari ya mayar cikin mako guda, idan aiki yana shigowa a warwatse, masu jiran gyara ne ke cutuwa.

Mai neman shawara:

Allah ya saka muku da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Na buɗe rahoton, yawancin abin da aka haskaka manazarta ne da maganganun da na sa wa alama, sai wurare biyu irin waɗanda Malam na laburare ya kwatanta, zan sake su. Kiredit 13 gare ni, don haka maganar ajiyewa ta mutu. Saura biyu. Malamar tana da sa'o'in ganin ɗalibai a ofis, amma ina jin nauyi, me zan je in ce mata? Sannan ranar duba daftari, ba na iya gaya wa mutum aikinsa bai yi ba, sai in ce ya yi kyau in miƙa masa.

Mai koyar da irin wannan kwas:

Sa'o'in nan don ku aka ware su, kuma sau da yawa mu kaɗai muke zaune a ofis muna jira. Kada ki je da tambayar yadda za ki samu A. Ki je da daftarin, da jimla biyu da kike ganin kowace za ta iya zama matsayarki, ki ce ta taya ki auna wadda ta fi ƙarfi. Minti goma sha biyar sun isa. Ki nemi takardar ma'aunin maki idan ba a ba ku ba, ki ga kashi nawa aka ware wa hujja, nawa aka ware wa nahawu. Cibiyar taimakon rubutu ta makarantarku ma ki yi rijistar ganawa tun da wuri, layi yana cika a makon miƙa aiki.

Duba aikin abokin aji kuwa, ba a ce ki yanke masa hukunci ba. Ki gaya masa abin da ya faru da ke a matsayin mai karatu: ki ja layi a ƙarƙashin jimlar da kike zaton ita ce matsayarsa, ki nuna sakin layin da kika ɓace a ciki, ki faɗi wurin da kika so ƙarin hujja. Idan jimlar da kika ja wa layi ba ita yake nufi ba, ya san aikin da ke gabansa ba tare da kin ce masa komai bai yi ba. Kuma a aji da yawa ana ba da maki a kan ingancin sharhin da kika yi wa wasu, don haka ki duba takardar tsarin kwas ɗinku ko naku ma haka ne.