Mai asma za ta iya bin mu yankin duwatsu masu aman wuta?

Jama'a, ku ba ni shawara. Mu shida ne, tsofaffin mawaƙan coci, mun shirya zagaya Aisland a mota ta Hanya ta 1, kusan kilomita 1,300. Babbar yayarmu tana da asma, ko hayaƙin kyandir sai ta lalubi abin shaƙarta a jaka. Ga shi tun 2021 ƙasa ke aman wuta a Reykjanes, yankin da filin jirgin Keflavík yake, kuma a Hverir, wani wuri a arewacin ƙasar inda tururi ke fitowa daga ƙasa, warin farar wuta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta kafe sai ta je, ita ma ta kawo shawarar tafiyar. Likitanta ya ce ta kiyaye kawai. Takunkumin hanci na tare wannan iskar, ko mu tsallake Hverir ɗin?